Masu Rawar Dogo: Tarihin Kalmar "Gandy Dancer" da Mutanen da Aka Laƙaba wa Ita

A shekarar 1916 hanyoyin jirgin ƙasa na Amurka suka kai ƙololuwar tsawonsu, kimanin mil 254,000, kuma babu taku ɗaya a cikin wannan tsawo da ba hannun ɗan Adam ke kula da shi ba. Dubban ɗaruruwan leburori ne ke wannan aiki: su sauya katakon da ya ruɓe, su cusa tsakuwa, su buga ƙusa, su mayar da ƙarfen da ya goce kan layinsa. A littattafan albashi na kamfanoni sunansu busasshe ne, "section hand" ko "trackman", wato ma'aikacin yanki ko mutumin dogo. A bakin titi kuwa, da gidajen kwanan 'yan ci-rani, wani suna daban ne ya bi su, kuma shi ya fi sauran tsawon rai: "gandy dancer". Rabin sunan na biyu ba ya buƙatar dogon bayani, mai rawa ke nan. Rabin farkon ne ya gagari masana harshe fiye da shekara ɗari, har manyan ƙamusoshin Ingilishi suka haƙura suka rubuta cewa ba a san asalinsa ba.

Yawancin abin da aka rubuta kan wannan kalma farautar asalin "gandy" ne. A ganina an ɓata ƙarfi a inda ba shi ne muhimmi ba. Abin da ya fi cancantar nazari shi ne yadda ma'anar kalmar ta yi ƙaura: ta fara a matsayin sunan zolaya da 'yan yawon neman aiki ke kiran junansu da shi a biranen arewa, ta ƙare a matsayin lambar girma da ake rataya wa tsofaffin baƙar fata na kudu masu waƙar aiki. Kuma girman bai zo ba sai da aikin ya mutu.

Kafin a kai nan, dole a san mene ne aikin, domin wanda bai san abin da ke damun dogo ba, ba zai gane me ya kawo rawa cikin maganar ba. Mai kallo daga nesa yana zaton layin dogo abu ne kafaffe. Ba haka ba ne. Ƙarafan biyu an ɗaure su da ƙusoshi a kan katakai, kimanin dubu uku a kowane mil, su kuma katakan a kwance kawai suke cikin tsakuwa, babu siminti, babu tushe. Duk jirgin da ya wuce sai ya ɗan danna su ƙasa, in kuma a kwana ne sai ya ɗan tura su waje. Ruwan sama na zaizaye ƙasa, ƙanƙarar hunturu na kumbura ta. Zafi ma na da nasa: ƙarfe mai tsawon kilomita ɗaya, idan zafi ya ƙaru da digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, zai nemi ya miƙe da kusan santimita 35, in bai sami wurin miƙewa ba sai ya lanƙwashe gefe. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu kuwa ƙafa 4 ce da inci 8 da rabi, kuma ɗan kuskure a nan ya isa ya kifar da jirgi da duk abin da ya ɗauko. Saboda haka aka yayyanka hanyar yanki-yanki, kowane yanki na 'yan mil kaɗan aka damƙa shi ga heluma, wato shugaban leburori, da 'yan mutanensa. Idan gyaran ya fi ƙarfinsu sai a kawo babbar ƙungiya ta wucin gadi, waɗanda ke kwana a tsofaffin taragai a gefen hanya.

Ayyuka biyu ne a cikin wannan sana'a suke da kama da rawa, kuma bambanta su shi ne mabuɗin tarihin kalmar. Na farko cusa tsakuwa. An ɗaga katako da jak, ƙarƙashinsa ya zama rami, sai lebura ya kafa bakin shebur ko na sandar ƙarfe a gindin katakon, ya ɗora ƙafa ɗaya a kai, ya riƙa dannawa yana ɗagowa, jikinsa na sama da ƙasa, har tsakuwar ta cushe ta yi tauri. Mutum ɗaya na iya yin wannan shi kaɗai, ko biyu suna fuskantar juna, kuma ba ya buƙatar waƙa. Na biyu daidaita layi, wato tura dukan dogon, ƙarfe da katako gaba ɗaya, zuwa dama ko hagu. Wannan ba ya yiwuwa sai da taro, kuma ba ya yiwuwa sai da murya. Zan dawo kansa.

Kalmar ta fara bayyana a rubuce a shekarun 1910. Ɗaya daga cikin shaidu mafi amfani na farkon zamaninta shi ne littafin Nels Anderson mai suna The Hobo, wanda ya fito a 1923. Anderson ya yi yawon neman aiki da kansa kafin ya shiga Jami'ar Shikago ya karanci ilimin zamantakewa, saboda haka da kunnen ɗan gida ya ji kalmomin. A jerin sunayen da 'yan yawo ke ba sana'o'i daban-daban, ya bayyana "gandy dancer" a matsayin mai cusa tsakuwa a ƙarƙashin katakan dogo, ya kuma ambaci wasu sunayen da ake kiran leburan yanki da su, irin su "snipe" da "jerry". Abin lura a nan guda biyu ne. Na ɗaya, ma'anar tana kan cusa tsakuwa, ba kan waƙa ba. Na biyu, gidan kalmar shi ne duniyar titin West Madison na Shikago, inda dillalan aiki ke manna sanarwa a tagoginsu suna kwasar mutane zuwa sansanonin dogo na yamma idan bazara ta shigo, su kuma su dawo birni da hunturu su cinye abin da suka tara. Waɗannan mutane akasarinsu fararen fata ne matalauta da baƙin haure daga Turai. Sunan bai ɗauke da yabo. Irin sunan nan ne da talaka ke yi wa ɗan'uwansa talaka, rabi wasa rabi raini, domin a tsanin ma'aikatan reluwe, daga direba zuwa mai zuba gawayi zuwa mai birki, leburan dogo shi ne matakin ƙasa, albashinsa ne mafi ƙanƙanta.

Bayanin da ya fi yaɗuwa game da asalin kalmar shi ne cewa akwai wani kamfani a Shikago, Gandy Manufacturing Company, mai ƙera shebur da diga da sandunan ƙarfe na aikin dogo, sai aka riƙa kiran masu amfani da kayansa da sunansa. Freeman Hubbard ya kawo wannan a littafinsa Railroad Avenue na 1945, a matsayin abin da mai yiwuwa ne, tare da wani bayanin na daban. Daga baya kalmar "mai yiwuwa" ta faɗi a hanya, labarin ya shiga allunan gidajen tarihi da wasu ƙamusoshi kamar tabbataccen abu. Matsalar ita ce masu bincike sun tona kundayen adireshin kasuwanci na Shikago da mujallun masana'antar reluwe, ba su ga kamfanin ba. Babu tallarsa, babu kundin kayansa, babu ko shebur ɗaya mai ɗauke da tambarinsa, alhali masu tara tsofaffin kayan reluwe a Amurka ba sa barin ko ƙusa ta wuce su. Kamfanin da aka tabbatar ya wanzu da wannan suna na Baltimore ne, Gandy Belting Company, wanda ke saƙa bel na auduga don juya injuna, kuma shari'ar haƙƙin ƙirƙirar wannan bel ta kai har Kotun Ƙolin Amurka a 1892. Bel ɗin injin masaƙa kuwa ba abin da ya haɗa shi da cusa tsakuwa.

Sauran bayanan ba su fi wannan ƙarfi ba. Akwai masu cewa daga "gander" ne, namijin dinya, saboda rangajin da lebura ke yi idan yana tafe da nauyi ko yana taka shebur. Wannan aƙalla ya dace da abin da ido ke gani, kuma shi ne ɗaya bayanin da Hubbard ya kawo. Daniel Cassidy, a littafinsa na 2007 kan tasirin harshen Ailan a karin maganar Amurka, ya jingina ta ga wata kalmar harshen Ailan, amma masana asalin kalmomi sun yi watsi da hanyar bincikensa gaba ɗaya, don kamannin sauti kawai yake bi. Akwai kuma masu cewa "gandy" sunan sandar ƙarfen ce da kanta. Wannan bai warware komai ba, ya dai matsar da tambayar taku ɗaya: to ita sandar wa ya raɗa mata, kuma ta yaya za a san ba daga sunan mutanen aka yanko mata nata ba?

Ba wauta ba ce a yi tunanin sunan kayan aiki zai iya zama sunan aikin. Mai karatu Bahaushe na da misali a gida. Lokacin da aka shimfiɗa dogon Baro zuwa Kano, daga 1907 zuwa 1911, da ƙwadagon da aka ɗebo ta hannun sarakuna, kalmar diga ta shigo Hausa daga Ingilishi a matsayin sunan abin haƙa, ta kuma zarce ta zama sunan aikin hanyar kansa, har Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ya yi waƙa a kai da ake kira Waƙar Diga. Bambancin shi ne diga muna iya bin sawunta: ga kalmar da ta fito daga gare ta, ga kayan aikin, ga zamanin. Kamfanin Gandy ba shi da sawu ko ɗaya. Ina kuma zargin abin da ya sa labarinsa ya ƙi mutuwa ba ƙarfin hujja ba ne, daɗin ji ne. Amurkawa sun saba da kalmomin da suka fito daga sunan kamfani, kuma labarin da ke da birni da masana'anta ya fi kama da tarihi a kunnensu fiye da a ce wani ɗan yawo da ba a san sunansa ba ne ya kalli abokinsa yana tsalle a kan shebur ya yi masa dariya.

Su wa aka kira da wannan suna? Amsar ta danganta da inda mutum ya tsaya a taswira. A gabas da tsakiyar ƙasar, mutanen Ailan ne da farko, daga baya Italiyawa da Girkawa da mutanen gabashin Turai. A yamma, Sinawa ne suka yi mafi yawan aikin kamfanin Central Pacific har aka haɗa layin da ya ratsa nahiyar a Promontory da ke Utah ranar 10 ga Mayu, 1869. Bayan dokar hana Sinawa shigowa ta 1882, Japanawa suka cike wani ɓangare na gurbin. A kudu maso yamma kuwa aikin ya koma hannun mutanen Meziko, waɗanda suka ƙirƙiri nasu sunan, "traquero", suka ɗauki kalmar Ingilishi ta dogo suka sa mata wutsiyar Sifaniyanci. Jeffrey Marcos Garcílazo ya rubuta tarihinsu a littafin da aka buga a 2012. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1943 da 1945, an kawo fiye da mutum dubu ɗari daga Meziko bisa yarjejeniyar gwamnatoci don aikin dogo kaɗai. 'Yan ƙabilar Navajo ma sun yi suna a wannan sana'a a layukan Santa Fe da Union Pacific. Duk waɗannan, a bakin Ba'amurke bayan kalmar ta yaɗu, "gandy dancers" ne.

A jihohin kudu labarin daban ne. Kafin 1865 kamfanonin reluwe na kudu suna hayar bayi daga iyayengijinsu, wasu ma sun mallaki nasu. Bayan 'yanci aka shigo da tsarin hayar fursunoni, waɗanda galibinsu baƙar fata ne, aka ci gaba da fasa duwatsu da shimfiɗa ƙarfe da su. Waɗanda suka shiga aikin da ƙafarsu don albashi sun gaji wannan tarihi, sun kuma gaji hanyar aiki da murya da ta taso daga gonakin auduga da jiragen kogi. Irin ƙwarewar leburorin kudu ta fito fili a ƙarshen Mayu da farkon Yuni na 1886, lokacin da aka sauya faɗin dogon yankin daga ƙafa 5 zuwa ƙafa 4 da inci 9 don ya dace da na arewa. An matsar da ƙarfe ɗaya da inci 3 a tsawon fiye da mil dubu goma sha ɗaya cikin kwana biyu, da guduma da sanda kawai.

Yanzu ga yadda ake daidaita layi. Heluma zai yi nisa da ƙungiyar, ya durƙusa ko ya tsuguna a kan ƙarfen, ya kafa ido ya bi tsawonsa har ya hango inda ya goce. Ba ya iya yin magana a ji shi daga can, sai da hannu yake nuni: wannan gaɓa, wancan gefe, kaɗan ko da yawa. Mutum takwas ko goma ko fiye suna jere a jikin ƙarfen, kowa da sandarsa mai tsawon kimanin ƙafa biyar, sun soka bakinta cikin tsakuwa a ƙarƙashin ƙarfen. A cikinsu akwai mai kira. Shi ne ke karanta hannun heluma, shi ne kuma ke ɗaga murya. Zai rera ɗango biyu ko huɗu, mutanen na ƙwanƙwasa sandunansu a jikin ƙarfen suna bin kiɗan, ƙafafunsu na gyara tsayuwa, har a iso gaɓar da kowa ya san ita ce, sai dukansu su jefa nauyin jikinsu kan sandunan da nishi ɗaya. Dogon ya motsa, wataƙila rabin inci. A sake. A sake. Heluma ya ɗaga hannu, a matsa gaba.

Dalilin wannan lissafi ne, ba nishaɗi ba. Abu mai nauyi da ke kwance cikin tsakuwa ba ya motsi sai ƙarfin da aka sa masa ya haura wani mizani a lokaci guda. Ƙarfe ɗaya mai tsawon ƙafa 39, irin wanda aka saba da shi a Amurka, ya haura rabin tan, ga na biyunsa, ga katakai, ga tsakuwar da ta riƙe su. Mutum goma da suka tura ɗaya bayan ɗaya, ko da tazarar ƙiftawar ido ce a tsakaninsu, ba ƙarfin mutum goma suka sa ba, ƙarfin mutum biyu ko uku suka sa sau da yawa, kuma dogon ba zai ko gusa ba. Wanda ya riga sauran kuwa, ko ya makara, bayansa ne zai biya. Ƙidayar ɗaya, biyu, uku na iya yin aikin sau goma ko ashirin, amma ba ta iya riƙe mutane daga hantsi zuwa la'asar a zafin Alabama. Waƙa na iyawa, saboda tana gaya wa jiki lokacin da bugun zai zo tun kafin ya zo. Haka ma wajen buga ƙusa, inda mutum biyu ko uku ke sauke guduma bi da bi a kan ƙusa ɗaya, tamkar luguden mata a turmi: wanda ya saɓa kiɗa, gudumar ɗan'uwansa zai ci karo da ita.

Mai kira nagari ya fi agogo. Yana sauya waƙa idan ya ga an gaji, ya kawo ta ban dariya ko ta batsa ko ta coci, gwargwadon wanda ke kusa da kuma halin da ake ciki. Yana iya saka habaici ga heluma a cikin baiti ta yadda mutanensa za su gane, shi kuwa wanda ake yi dominsa ya ji kamar waƙa ce kawai. Wannan fasaha ce ta gaske, kuma masu tattara waƙoƙin gargajiya sun gane haka da wuri. John Lomax da ɗansa Alan sun naɗi irin waɗannan kiraye-kiraye a shekarun 1930 don Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, daga bakin mutane irin su Henry Truvillion na Texas, wanda ya yi aikin kira a dogon kamfanin katako, da Allen Prothero, wanda aka naɗa a gidan yarin Nashville. Marubuciya Zora Neale Hurston, a watan Yuni na 1939 a Jacksonville da ke Florida, ta rera waƙoƙin daidaita layi da ta koya a wurin leburori, tana bayyana inda ake tura sanda. Abin da ya kamata a kula da shi shi ne sunayen da aka ba waɗannan faya-fayai: waƙar daidaita layi, cusa tsakuwa, sauke ƙarafa. Da sunan aikin aka kira su. Haɗa wannan al'ada da kalmar "gandy dancer" har su zama abu ɗaya a tunanin jama'a, daga baya ne ya kankama.

A nan ne nake ganin haɗarin rabin sunan na biyu. Kalmar rawa tana sa mai ji ya hango annashuwa. A 1951 mawaƙi Frankie Laine ya naɗi wata waƙa mai suna The Gandy Dancers' Ball, wadda ta mayar da leburorin 'yan biki masu cashewa, ta kuma yi kasuwa. Ga miliyoyin Amurkawa da ba su taɓa riƙe sanda ba, wannan waƙa ce ta koya musu kalmar. Akwai tsohuwar al'ada a ƙasar ta ɗaukar waƙar baƙin lebura a matsayin shaidar cewa yana jin daɗin halinsa, al'adar da Frederick Douglass ya ƙaryata tun a tarihin rayuwarsa na 1845, inda ya nuna bayi sun fi yin waƙa lokacin da suka fi baƙin ciki. Wanda ya kira daidaita layi rawa bai yi ƙarya ba ta fuskar abin da ido ke gani, amma ya ɗauki mazaunin ɗan kallo, na fasinjan da ke leƙe ta taga. Daga cikin layin, abin da ake yi auna lokaci ne don kada ƙugu ya tsinke.

Shaida ɗaya kan yadda ma'aikatan ke son a kira su a hukumance ita ce sunan ƙungiyarsu. An kafa ta a 1887 a garin Demopolis na Alabama ƙarƙashin John T. Wilson, da farko don helumomi, daga baya ta faɗaɗa ta zama Brotherhood of Maintenance of Way Employes, wato 'yan'uwantakar ma'aikatan kula da hanya. Ba rawa a sunan, ba zolaya. Sai dai ita ma ƙungiyar ta daɗe tana nuna wa baƙar fata wariya, kuma a kudu, har zuwa zamanin dokar 'yancin jama'a ta 1964, kusan kullum farar fata ne ke tsugune yana nuni da hannu, baƙar fata ke riƙe da sanda. Mai kira, duk da cewa shi ke juya ƙungiyar, lebura ne a takarda.

Injuna ne suka kawo ƙarshen abin. Kamfanin Matisa na Suwizalan, wanda aka kafa a 1945, da Plasser & Theurer na Ostiriya, na 1953, sun yaɗa injunan da ke ɗaga dogo su cusa tsakuwa, daga baya har su daidaita layi a tafiya ɗaya. Aka kuma koma ga dogon ƙarfe da ake haɗawa da walda, wanda ya rage gaɓoɓin da ke buƙatar kulawa. Zuwa shekarun 1960 manyan kamfanoni ba sa buƙatar mai kira. Har yau akwai ma'aikatan kula da hanya, dubbai, amma direbobin inji ne da masu walda da masu duba layi.

Sai da aka kai nan kalmar ta fara hawa. A 1994 Maggie Holtzberg da Barry Dornfeld suka fitar da fim ɗin gaskiya mai suna Gandy Dancers, inda tsofaffin leburorin Alabama da suka yi ritaya suka sake ɗaukar sanda suka nuna yadda ake yi, suka kuma faɗi abin da suka gani na wariya. A 1996 hukumar raya fasaha ta gwamnatin tarayya ta ba biyu daga cikin masu kira na yankin Birmingham, John Henry Mealing da Cornelius Wright Jr., lambar girma mafi daraja da ƙasar ke ba masu fasahar gargajiya. A Virginia wasu tsofaffin suka kafa ƙungiyar Buckingham Lining Bar Gang suna zagaya bukukuwa. A nan rawar ta zama rawa ta gaske, ana yin ta a gaban 'yan kallo, a kan guntun dogon da ba jirgin da zai bi ta kansa. A gefe guda kuma kalmar ta zama kayan ado: akwai hanyar masu keke da masu yawo mai tsawon mil 98 tsakanin Wisconsin da Minnesota, a kan tsohon layin da aka cire ƙarafansa, sunanta Gandy Dancer, akwai gidan abinci mai wannan suna a tsohuwar tashar jirgi ta Ann Arbor a Michigan.

Mai musu zai ce, to ina laifi? Tsofaffin da kansu sun karɓi sunan, sun sa shi da alfahari, kuma ba don shi ba da wataƙila ba wanda zai neme su. Na yarda da wannan, kuma ba hurumin mai nazari ba ne ya ƙwace wa mutum sunan da ya zaɓa ya amsa. Kalmomi da yawa sun fara da raini suka ƙare da daraja. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki ma'anar ƙarshe a shafa ta kan dukan tarihin. Idan "gandy dancer" ta zama mai waƙar dogo na kudu kaɗai, to Bagirken da ya cusa tsakuwa a Montana da ɗan Meziko da ya kwana a tarago a Kansas sun faɗi daga cikin kalmar da tun farko irinsu ake nufi da ita. Idan kuma aka bar ta a ma'anar Anderson kaɗai, an zubar da fasahar masu kira. Sauran ƙasashe masu jin Ingilishi ba su shiga wannan ruɗani sosai ba, don sunayensu ba su ɗauko hoton ɗan kallo ba. A Ingila "platelayer" ake cewa, mai shimfiɗa faranti, sunan da ya samo asali daga farantan ƙarfe na hanyoyin kekunan ma'adinai tun kafin jirgi mai tururi, ya kuma zauna bayan farantan sun ɓace. A Ostireliya "fettler", mai gyara. A Indiya an daɗe ana cewa "gangman", har hukumar reluwe ta sauya shi da suna mai nufin mai kula da dogo.

Ga mai fassara zuwa Hausa wannan ba zancen ado ba ne. Babu kalma ɗaya da za ta ɗauki "gandy dancer" a duk inda ta fito, kuma "mai rawar gandi" ba za ta gaya wa kowa komai ba. Sai an duba shekarar rubutun da bakin da ke magana. A littafin 1923 kan 'yan yawon Shikago, leburan dogo ɗan ci-rani ake nufi, da ɗan ƙanshin raini a ciki. A rahoton jarida na shekarun 1940, leburan gyaran dogo ne kawai, ko daga wace ƙabila. A rubutun da ya biyo bayan fim ɗin 1994, musamman in ana maganar Alabama ko Virginia, masu daidaita dogo da waƙa ake nufi, kuma a nan dole mai fassara ya ware mai kira da sunansa, don shi ne aka ba lambar a 1996.